Babur Ɗin da Ba Ya Ɗaukar Buhu

A gidan Bahaushe babur ɗan aiki ne. Shi ke kai yara boko da safe, ya kai su Islamiyya da yamma, ya ɗauko cefane, ya kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ranar kasuwa kuma a ɗaura masa buhu biyu a ɗora akuya a sama, bai ce uffan ba. Shi ya sa idan mutum ya sayi Boxer ko Jincheng ko roba-roba, dangi ke yi masa Allah ya sanya alheri da zuciya ɗaya, don sun san su ma kakarsu ta yanke saƙa. Ni da na tashi saye, sai na kinkimo wanda bai iya ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ba.

Kawasaki Ninja 250R ne, ƙirar 2010, kore shar, ɗan Kwatano. Irinsa aka yi ta ƙerawa a Tailan daga 2008 zuwa 2012, kuma a Amurka da Turai babur ne na 'yan koyo. Wanda hannunsa bai faɗa ba shi ke saye, ya yi shekara ɗaya ko biyu a kai, ya sayar ya koma kan manya masu 600cc ko 1000cc. Nawa 249cc ne, silinda biyu, giya shida. A unguwarmu babu wanda ya san da wannan magana, ni kuma ban ga abin da zai sa in ɗora wa kaina aikin wayar da kan jama'a ba. Ranar da aka sauko da shi daga bayan a-kori-kura yara suka cika layi, mai shayi ya bar tukunya a wuta, wani dattijo ya matso ya tambaye ni ko da gaske ne yana zuwa Kaduna a minti 20. Na ce ya danganta da hanya.

Hajiyarmu ta fito ta zagaya shi, ta leƙa gaba ta leƙa baya.

"To ina ake ɗaura kaya?"

Na ce ba a ɗaura masa kaya.

"Yara fa, ina za su zauna?"

Na ce ai ba na yara ba ne, Hajiya.

Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To nawa suka rage maka saboda haka?"

Wanda ya zana wannan babur bai taɓa ganin babbar riga ba. Ba zama ake yi a kansa ba, kifewa ake yi, ƙirji na neman tanki, ƙafafu a naɗe can baya. Da ka hau titi iska za ta shiga ta wuya ta cika rigar, in ka waiwaya ka ga rabinka na biye da kai yana gaisawa da mutane. Dole ka tattare bakin rigar ka zauna a kai, in ba haka ba sarƙa ta yi maka aikin tela. Ga rikicin hula. Kai ɗaya Allah ya ba mutum, hular kwano ta riga ta kama shi, babur ɗin kuma ba shi da kwando ba shi da akwati. Sai dai ka cusa zanna bukar ɗinka da aka wanke aka kafe a cikin riga, ka isa wurin biki ka ciro ta a lanƙwashe, karinta ya koma kan kunne.

A irin wannan shiga na je ɗaurin auren ɗan kawuna a cikin gari. An shafa fatiha, an raba goro da alawa, maroƙa na ta aikinsu, sai na lura rabin taron ya bar ango ya kewaye babur. Na taho cikin ƙasaita, na tattare riga, na haye, na danna sitata. Ya tashi. Na ɗan murɗa totur don na baya su ma su amfana. Na kama kuloci, na taka giya, sai ɗif, ya mutu. Na mayar da shi firi na sake tayarwa, ya tashi lafiya lau. Na taka giya, ɗif.

Duk Bakano bakanike ne matuƙar babur ɗin ba nasa ba ne. Wani ya ce fulogi. Wani ya ce man 'yan bumburutu na sha. Wani ya durƙusa yana laluben gefen injin, can ya ɗago ya sanar da jama'a cewa an cuce ni, an sayar mini da babur babu kik. Wata tsohuwa daga cikin gida ta aiko a gaya mini baki ne, in yi sadaka. Kafin in ce wani abu an tura yaro ya kira bakaniken bakin titi, ya iso da yaransa da sifana a aljihun baya.

"Alhaji, kwantar da hankalinka. Ai irinsa muke gyarawa kullum."

Ya fara da robobin jiki. Waɗannan robobi da ƙananan kusoshi da 'yan harsuna ake sarƙe su, akwai wanda ke fita kafin wani, amma shi inda ya ga noti ya kwance, inda bai gani ba ya sa ƙarfi. Ina jin ƙas, ƙas, ina ta murmushi saboda surukan ango na kallo. Ya sauke tanki. Da ya iso ƙasa sai ya ja da baya.

"Alhaji, kafireta biyu gare shi!"

Taro ya ɗauki salati. Aka yanka tsohon galan aka zuba fetur, ya wanke su, ya hura da baki, ya jujjuya duk wani sukuru da idonsa ya faɗa a kai. Aka kira azahar muka je muka dawo. Ango ya tafi gaishe-gaishe ya dawo ya same mu. Dab da la'asar aka mayar da komai, bakanike ya tayar da kansa, ya murɗa har salansa ta yi kuka, ya taka giya. Ɗif.

Sai ƙaramin yaronsa, wanda tun ɗazu aikinsa riƙe kwanon noti, ya ce a hankali, "Oga, ko a ɗage ƙafar?" Ogan ya daka masa tsawa, ya ce manya na magana. Yaron bai daddara ba, ya sa ƙafarsa ya ture ƙarfen da ake kafe babur da shi. Aka taka giya, babur ya yunƙura.

Ashe akwai ɗan makunni a jikin ƙafar. Muddin tana ƙasa, injin zai tashi a firi, amma da an sa giya zai kashe kansa, don kada mahayi ya fita da ita a sauke ta soki kwalta a kwanar hagu ta yi jifa da shi. Mu a nan mutanen bakin titi ne ke yin wannan aiki kyauta, su ke ɗaga murya su ce wa mai babur ya ɗage ƙafa. Babbar rigata ce ta rufe ta tun farko, shi kuma bakanike duk gwajinsa a kafe ya yi shi. Ya goge hannu a wando ya dube ni.

"Ka ga amfanin wanke kafireta ke nan, Alhaji."

Ya karɓi kuɗin aiki cif, ya miƙo mini sauran kusoshi a leda, ya ce ƙari ne, masu ƙera shi sun cika almubazzaranci. Kafireta biyu kuwa sai an daidaita numfashinsu da na'urar awo, ba da kunne ba. Daga ranar babur ɗin ya shiga tari da shessheƙa a duk danja, har sai da aka haɗa ni da wani mai gyaran manyan babura, wanda ya buɗe, ya duba, ya tambaye ni cikin ladabi ko ina da abokan gaba.

Maiɗakina ma ta gwada sa'arta. Ta dubi mazaunin baya, wanda bai fi faifai ba kuma ya ɗara nawa tudu, ta ce, "Malam, nan ɗin zan zauna, ko nan ne wurin ajiye waya?" Aka kawo kujera 'yar tsugune ta taka ta hau, da zani da hijabi da jaka. Birkin farko goshinta ya gaisa da hular kwanona. Ba mu kai bakin layi ba ta ce in sauke ta, gidan nasu ba nisa.

Labarin bai isa kunnen mahaifinta ba, ko kuwa ya isa ya ƙi yarda, domin cikin satin ya aiko cewa tunda Allah ya hore abin hawa, in biya Dawanau in ɗauko masa buhun gero. Ba a ce wa suruki a'a. Ɗan dako ya kinkimo buhu ya zagaya babur yana neman kariya, ya sake zagayawa, buhu a ka, ya tsaya yana kallona. Ƙarshenta wani yaro mai Boxer na ɗauka haya. Kafin in gama ɗaura hular kwano ya ɗaure buhun da roba ya haye. Na wuce gaba yana bina, fitilata a kunne da rana tsaka, don shi irin na Amurka ne, ba shi da makunnin kashe fitila, duk wanda muka wuce kuma sai ya buɗe yatsu ya rufe yana nuna mini na manta wuta. Da muka isa, Baba ya riƙe hannun yaron nan ya yi ta sa masa albarka har da iyayensa. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai ma sannu da rakiya."

A cikin gari kuwa babu inda zai nuna halinsa. Tun Janairun 2013 da aka hana acaɓa a birnin Kano titi ya koma hannun 'yan Adaidaita Sahu, kuma ɗan Adaidaita in ya ga tazarar taku ɗaya a gabanka, tasa ce. Injin nan juyi yake so. Jan layin agogonsa na kan 13,000, ƙarfinsa duk yana can sama, amma daga Ƙofar Nassarawa zuwa Bata da wuya in wuce giya ta uku. Da ruwa ake sanyaya shi, yana da lagireto da fanka, saboda haka a gosulon watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, fankar za ta tashi ta kwaso zafin injin ta juye mini a ƙwauri. Ina gasuwa, yaran da ke cikin Adaidaita na ɗaukata hoto.

Kula da shi ma wata makaranta ce. Sarƙa na son wanki da kalanzir da shafa mai, musamman da hunturu in ƙura ta sauka. Kulocinsa cikin baƙin mai yake wanka, in aka zuba masa irin na mota mai yawan santsi sai ya riƙa zamewa, ka murɗa totur ƙara ta ƙaru tafiya ba ta ƙaru ba. Tayar baya 130/70-17 ce, ba ta da tub, duk shagon da na shiga nema kuma amsar ɗaya ce, sai Legas. Fatar birki, sai Legas. Robar da aka karya a ɗaurin aure, sai Legas, ita ma sai an dace. In batir ya kwanta da sanyin asuba babu kik da za a daka, sai turi, abin kuma ya kai kilo 170. An yi giyarsa yadda ba ta haurawa ta biyu in yana tsaye, sai yana gangarawa, don haka ina sama ina fama da ƙafa, samarin layi na baya suna haki suna tambaya ko Kadunar za mu tura shi.

Abin da ya fi cin aljihu ba ya cikin injin. Mai faci in ya ga kore sai kuɗin iska ya ninka. Mai lemo ya daina yi mini ragi. 'Yan uwan da suka san albashina sarai suka fara zuwa neman rance, in na ce babu su waiwaya su dubi babur. Masu tsare hanya na tsayar da ni, in fara laluben takardu, su ce a'a, nawa na saya. Tankinsa lita 18 yake ci, kuma bayan 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafi lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, na koma ina tsayawa a gidan mai cikin cikakkiyar shigar tsere in ce a zuba lita biyu.

Amma a gaya wa Allah gaskiya, babur ɗin ba shi da laifi, kuma akwai lokacin da yake biyan bashinsa. Bayan sallar asuba, titin Zariya babu kowa, ka wuce Na'ibawa ka miƙi hanyar Kura, allura ta haura 9,000, muryarsa ta sauya ta zama siririya, kifewar nan da ke karya baya a cikin gari sai ka ga ashe don nan aka yi ta. Na daɗe ina ganin allurar gudu a kan 60 ina cewa ashe abin duk kuri ne, ina mamakin yadda motocin haya ke komawa baya. Sai daga baya na gane manyan lambobin mil ne. Kilomita na ciki da ƙananan baƙaƙe, suna nuna kusan 100.

Cikin damina ɓarayi suka haura gidan da muke haya. A zaure muke kwana da babura, nawa da tsohon Jincheng na maƙwabcina, wanda madubinsa ɗaya ne kuma da waya aka ɗaure salansarsa. Da safe muka tarar da ƙofa a buɗe. Jincheng ya tafi. Nawa na nan yana sheƙi, har sun ɗan matsar da shi gefe don su sami hanya.

Jama'a suka taru ana yi wa maƙwabcina jaje, ni ana yi mini barka, amma ni abin ya tsaya mini a rai. Na ce wataƙila nauyi ya yi musu. Mai unguwa ya girgiza kai.

"Malam, ɓarawo ba mahaukaci ba ne. Wancan kafin azahar an yi gunduwa-gunduwa da shi, kowane ƙarfe da mai saye. Wannan naka ya kai shi ina? Wa zai saya? Ko kyauta ya ba mutum ai ya haɗa shi da aiki."

Kowa ya ce gaskiya ne, har da maiɗakina daga bayan labule.

Maƙwabcina ya ce bari ya je ya kai rahoto wurin 'yan sanda. Na ga dama ta samu da babur ɗin zai yi wa wani amfani a idon jama'a, na ce ya zo in kai shi, yanzun nan za mu isa. Ya dubi mazaunin baya, ya dubi kujera 'yar tsugune da yarona ya riga ya ɗauko, ya gyara hularsa.

"Na gode, Malam. Asara ɗaya ta isa a rana. Bari in tari Adaidaita."