Zuwa ga Hajiya Wayar Wuta Mai Hanya Ɗaya



Da fatan ba ki tsinke ba kafin takardar nan ta iso, na zo da maganar da babu uwargidan da ke son ji: lokaci ya yi da za a yi miki kishiya.

Kada ki tsuke fuska tukuna, ban manta alherinki ba. Daga tasha kike tasowa ki rarrabu reshe-reshe, kilobolt 33 ya sauko 11, taransfoma ta rage shi daidai ƙarfin ƙwan fitila, wuta kuma gaba kawai take yi. Sadakinki da sauƙi. In kin kwanta ciwo, ma'aikata su bi ki turke-turke har su iske inda reshen darbejiya ya faɗo miki. Amma fa duk wanda ke bayan wurin da kika tsinke, ranar sai ya nemo ashana, don ke kaɗai ke girki.

Ki tambayi mutanen Maiduguri. A watan Janairun 2021 'yan ta'adda suka kayar da turakun babban layin da ke zuwa musu daga Damaturu, birni guda ya kwashe watanni yana sauraron kukan janareto, saboda babu wata hanyar da wuta za ta zagayo. A Oktoban 2024 kuma, layin Shiroro zuwa Kaduna na kwance, sai na Ugwuaji zuwa Apir ya bi sahu, yawancin Arewa ta wuce mako guda a duhu. Nan kuwa mata biyu ne kacal a kan gandu mai yawa.

Na san abin da za ki ce: gidan mata da yawa, gidan rigima. Da gaskiyarki. A tsarin raga, inda kowace tasha ke da hanyoyi biyu ko fiye, kuɗin waya da na na'urorin kariya sun fi naki nesa ba kusa ba, kuma faɗa in ya tashi ba ya tsayawa ɗaki ɗaya. Ranar 14 ga Agustan 2003 wasu layuka suka faɗi a jihar Ohayo, kayansu ya koma kan na kusa, su ma suka zube bi da bi, har kimanin mutum miliyan 50 a Amurka da Kanada suka rasa wuta. Sai dai, Hajiya, wannan labari ne da har yau suke bayarwa don mamaki. Naki kuwa mun daina ƙirgawa.

Ga sulhu. Injiniyoyi na da tsarin zobe: a ɗaura wa amarya aure, a bar makunninta a buɗe, ta zauna a ɗakinta ba ta taɓa miki ko ludayi. Ranar da kika faɗi kaɗai za a haɗa ta. Ɗakin tsakiya naki ne, kayan faɗar kishiya kuma mu masu biyan bil mun ɗauka, tunda dama muna biyan wutar da ba mu gani ba.

Naki mai biyayya,
wani mai walda a ƙarshen layi.