Maƙeran Mutum-mutumi na Rusaifa

Tun da aka ga mutum-mutumi yana raba kwalaben Zamzam a Harami a 2021, zazzaɓin ƙira ya kama samarinmu na unguwannin Rusaifa da Shara Mansur. Allon Arduino da suke aiki da shi, wanda aka ƙirƙira a Ivrea ta Italiya a 2005, zanensa a buɗe yake ga kowa, shi ya sa kwafinsa na Sin bai fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba. Masu riƙe shi kuwa, kowa da halinsa.

Akwai Mai Hayaƙi. Shi jar waya da baƙa duk waya ce. Yana jona batir a allon L298N da ke tuƙa mota, sai ƙauri ya tashi, ya ce kayan ne jabu. Ya sayo wani, shi ma jabu.

Sai Mai Aljanu, wanda ya fi ban tausayi. Ya ɗaura ƙananan servo SG90 har shida a kan wutar allon Arduino kanta, hannun mutum-mutumin yana ta karkarwa kamar tsoho a sanyin Zariya, allon yana mutuwa yana farfaɗowa. Ka ce masa, "Ɗan'uwa, wutar ce ta yi kaɗan. Sa PCA9685 mai ɗaukar servo 16, ka ba su batirinsu daban, ka haɗe wayoyin ƙasa wuri guda." Sai ya girgiza kai: "Ya shaikh, kambun baka ne. Tun ranar da maƙwabci ya yaba shi bai sake lafiya ba." Har tofi an yi wa allon.

Alhaji Oda bai taɓa kunna komai ba. Kaya dai suna ta isowa daga AliExpress, suna jere cikin ledarsu. Aikin yana nan, bayan Hajji. Wace Hajjin, Allah masani.

Sarkin Kwafi ya ɗauko tsarin wani daga GitHub, ya goge sunan mai shi, ya manta bayanan ciki da Sifaniyanci suke.

Kawu mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki bai yarda da abin da sai an haɗa shi da kwamfuta ba. Amma duk ranar da dalma ta ƙi kamawa, shagonsa ake layi. Ya liƙe wayar cikin minti guda, ya kalli ƙaramin mutum-mutumin ya ci karo da bango, ya ce, "Ɗana, wannan ko kofin shayi zai iya kawo mini?"

"Kawu, sai an ƙara masa servo."

"To, kafin nan tashi ka kawo."