Injin Ba Na Asali Ba Ne? To, Sai Me?

Na san ku. Da zarar kun ji an ce tsohuwar motar tsere ta yi kuɗin da zai gina asibiti, sai ku taɓe baki ku ce, "A buɗe bonet mu ga lambar injin." To, malamai masu ido a kan jabu, ku matso a buɗe.

A 1990 wata babbar kotu a Landan ta yi zama a kan wannan gardama taku. Motar Bentley ce da ake kira Old Number One, wadda ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1929 da 1930, Woolf Barnato na cikin direbobinta duka biyun. Wani kamfani, Middlebridge, ya yarda zai saye ta fam miliyan 10, daga baya ya ce a'a, wannan ba ita ba ce. Kuma yana da abin faɗa. An canza mata shasi, an cire injin farko an sa mata babba mai lita 8, ta yi mummunan haɗari a filin Brooklands a 1932 har direbanta Clive Dunfee ya rasu, aka sake gina ta. Me ya rage? Amma alƙali Otton ya ba mai sayarwa gaskiya, don tarihin motar bai taɓa yankewa ba: kowane canji an san wanda ya yi shi da lokacin da aka yi.

Na ji wani a baya yana cewa, "Alƙali ai ba bakanike ba ne." Haka ne, ranka ya daɗe. To ka tambayi bakaniken: motar da ake tuƙawa dare da rana ana matse mata totur, kana tsammanin fistin ɗinta zai kai shekara 60? Masu tsere a wancan zamani ba sa tunanin gwanjo. Injin ya buga ranar Asabar, a sauke shi a ɗora wani kafin Lahadi. Ku ma da kuke wannan tsanani, in naku ya buga, kasuwar Ƙofar Ruwa kuke nufa ku sayo ɗan Beljiyam, kuma ban taɓa jin wanda ya ce motar ta daina zama tasa ba.

Ga abin da zai ƙara ba ku haushi. Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka ƙera daga 1962 zuwa 1964. Wadda aka yi gwanjonta dala miliyan 48.4 a 2018, tun 1964 aka sauya mata bodi. Yau kuwa da yawa daga masu irin waɗannan motoci kan sauke injin asali su adana, su ɗora sabo mai kama da shi su shiga tseren Goodwood a Ingila. Wato ƙarar da ke sa 'yan kallo ihu, sau da yawa ta sabon injin ce, tsohon yana gida a lulluɓe.

Kada dai ku ce na ce babu 'yan damfara. Akwai masu goge lamba su buga wata, akwai masu raba mota ɗaya da ta yi haɗari, wannan ya ɗauki injin, wancan ya ɗauki shasi, a wayi gari motoci biyu na iƙirarin suna ɗaya. Shi ya sa a 2006 Ferrari ta buɗe sashen Classiche, mai duba mota da takardun masana'anta kafin ya ba da shaida. Takardar tsofaffin motoci ta hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, kuwa, ku kiyaye ta: tana tabbatar da cewa an gina mota daidai da tsarin zamaninta ne kawai, ba ta rantse cewa ita ce ta yi tseren ba.

Saboda haka ku ci gaba da zargi, amma ku sauya tambayar. In an nuna muku irin wannan mota, ku bar lambar tukuna, ku ce a kawo takardun da suka nuna wa ya canza injin, a wace shekara, kuma ina tsohon yake. Mai motar da ya fara kame-kame a nan, shi ne naku.