Sababbin Injiniyoyi a Gaban Kwamiti

Da zarar an kafa sanarwar ɗaukar ma'aikata a ofishin samar da aiki na ANPE, fadar shayi a Kirkissoye sai ta koma ɗakin karatu. Unguwar tana Yamai, a hayin kogin Isa, ɓangare ɗaya da Jami'ar Abdou Moumouni da makarantar EMIG mai yaye injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, don haka masu sabuwar takardar shaida ba su da wuyar gani. Kowa da irin shirinsa, amma kusan duk kuskure ɗaya suke yi: su burge kwamiti suke so, shi kuwa kwamiti nema yake ya ga wanda za a bar wa inji a tafi gida a yi barci.

Na farko shi ne Mai Hadda. Littafin lantarki yana kansa daga bango zuwa bango, amma in aka ce masa me ke sa taransifoma ta gaza a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40 kuma kowane gida ya kunna fanka, sai ya koma babi na ɗaya; wanda ya katse shi ya jawo wa kansa sabon farawa. Kusa da shi akwai Mai Kwat, wanda ya kwana yana guga. Kwat ɗin na aro ne, baƙi wuluk, kuma kafin motar faba-faba ta fita daga cunkoson gadar Kennedy ya jiƙe sharkaf. Ya san launin da ya dace da takalminsa, bai san cewa matatar SORAZ ta Damagaram, da aka buɗe a 2011, an gina ta ne don tace ganga 20,000 a rana ba, alhali can yake neman aiki.

Sai Ɗan Na-iya. A takardarsa ya iya AutoCAD, ya iya Matlab, ya iya Ingilishi, har da ɗan Sinanci; sitaj ɗin wata biyu da ya yi yana riƙe wa wani ma'auni ya zama "jagorancin aiki". Yana amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba, ga shi ramin ƙarya ƙurarre ne: tambaya ta uku ke tona shi. Kishiyarsa Mai Kunya ne, wanda ya fi kowa sani amma tarbiyya ta hana shi kallon babba a ido. Duk abin da aka ce, "To, ranka ya daɗe," ko da da gangan aka faɗi kuskure don a ji ko zai gyara. Na ƙarshe Ɗan PAC ne, wato mai dogaro da dangi, abokai da sanayya. Shirinsa kaf katin waya ne, don kiran kawu.

Wani zai ce ai Ɗan PAC ne mai wayon cikinsu, tunda gurabe kaɗan ne, ga mahaƙar COMINAK an rufe ta a 2021, masu nema kuwa sai ƙaruwa suke yi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai iyakar kawu bakin ƙofa. Injinan tashar lantarki ta Gorou Banda ba su san dangin kowa ba, haka ma tukunyar gawayin SONICHAR a Anou Araren. Ran da suka tsaya, wanda ya iya ake tasowa daga barci. Wani kuma zai kare hadda da kwat. Ba laifi ba ne, amma kowa na zuwa da su, abin da kowa ke da shi kuwa ba ya fitar da gwani.

Shirin gaske ba ya cin kuɗi. Mai nema ya san abin da kamfani ke samarwa da matsalar da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Ya taka zuwa gonakin shinkafar Kirkissoye ya tambayi manoma yadda famfo ke ɗaga ruwa da abin da ke kashe shi. Ya iya bayyana aikinsa na ƙarshen karatu da Hausa ko Zabarmanci, domin da Faransanci ake tambaya, amma leburori da yarensu ake ba su umarni. Kuma ya koyi cewa "ban sani ba, amma ga yadda zan gano". Kwamiti kan yafe wa wanda bai sani ba. Wanda ya rantse ya sani ne ke ƙona inji.