Wasiƙa zuwa ga Baƙin Sulke na Gidan Tarihi

Daga Sabon Gari, Keffi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da tambayar tsatsa, ina fatan ana shafa maka mai a kan kari.

Na ga aikinka a kashin farko na Scooby-Doo, wanda tashar CBS ta Amurka ta nuna ranar 13 ga Satumba, 1969. Ya iso Sabon Gari a makare, ta hannun masu tura fina-finai a waya, don haka ka yi haƙuri da jinkirin ta'aliki.

Bari in tuna maka, tunda kwalkwalinka ba kowa a ciki. Shaggy da karensa na dawowa daga silima cikin dare suka tarar da a-kori-kura a yashe, kai kana hakimce a gaba, direba ko sama ko ƙasa. Farfesa Hyde White, wanda ya ɗauko ka daga Ingila, ya yi ɓatan dabo. Yara huɗu da kare suka kai ka gidan tarihi, mai kula da gidan, Mista Wickles, ya rantse musu cewa duk daren da wata ya cika kakan tashi yawo. Daga ƙarshe aka cire maka kai, sai ga Wickles ɗin a ciki. Ashe zanen jabu yake ratayawa a bango yana sayar da na ainihi.

Kai dai na wanke ka. Ƙarfe ne kai, wanda ya shige ka shi ke da zunubi. Sai dai tafiyarka ta ba ni kunya. A nan mun san sulke, muna ganinsa a jikin dawakai da barade ranar hawan salla, kuma ba mu taɓa ganin sulken da ya kwana yana bin kare bai kama ko wutsiya ba. Garin Magaji Ɗan Yamusa ne nan, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902 ya hau doki ya nufi Kano. Mutanen da suka tashi da wannan labari ba za su razana da gurnaninka ba.

Yaran kuwa, ina iyayensu? 'Yan mata biyu, Daphne da Velma, cikin mota da samari, Fred da Shaggy, har tsakar dare, ga ƙaton kare na lasar kowa, ba mai neman ƙasa ya wanke hannu. Da a unguwarmu ne, kafin su kai kwanar farko 'yan sintiri sun tare motar, a tambayi Fred ɗan gidan wa ne, a kira uwar Velma a waya. Binciken nan da a bakin ƙofar mai unguwa zai ƙare. Kuma in aka ce sulke na yawo, wa zai ɗauki tocila? Malam za a kira, a turara hazbo, a toshe layin, a bar maka gidan har jikokinka.

Amma wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Wickles. Bawan Allah ya wahalar da kansa. Ya ƙirƙiri tatsuniya, ya jira wata, ya ɗaure farfesa, ya zauna ya tanadi madadin kowane zane don kada bango ya zauna tsirara. Wannan ɓarawo ne mai kunya. Ka tambaye shi ko ya taɓa jin sunan Nok, nan maƙwabtanmu a kudancin Kaduna. Kawunan yumɓun da suka haura shekara 2,000 a ƙasa, waɗanda Bernard Fagg ya tattara irinsu ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952, an yi ta haƙe su da rana tsaka ana ficewa da su. Ba wanda ya sa sulke, ba wanda ya yi gurnani, balle a bar mana na jabu mu riƙa kallo. A shekarar 2000 wasu suka bayyana a gidan tarihin Louvre na Faris. Da aka yi ta ce-ce-ku-ce, Faransa ta amince cewa na Nijeriya ne, sannan ta riƙe su aro na shekara 25. Nuna mini kan da Velma za ta cire a nan!

Hukuncina: Velma ta ci, ita kaɗai ke aiki da kai. Fred sai rarraba umarni. Shaggy da kare ciki ya kawo su, kuma ban ga laifinsu ba. Dariyar nan da ake kunnawa a bayan fage kuwa a cire ta, ko a faɗa mana su waye ke ɓoye a gidan tarihin suna ƙyaƙyatawa.

In ka gaji da tsayuwa a kusurwa, ka zo Keffi kafin babbar salla. Ka taho da takardunka cikakku, kuma ka yi nesa da 'yan gwangwan, don su da kilo suke sayen tarihi.

Naka,
Wani mai kallo a Sabon Gari.