Waƙafin dala miliyan 5

Malaman Turanci na sakandare suna ta fama da ɗalibai a kan cewa waƙafi ba ado ba ne, alhali hujjar tana can jihar Maine ta Amurka. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta duba dokar kuɗin ƙarin lokacin aiki, ta tarar babu waƙafi ɗaya a jerin ayyukan da aka keɓe, sai ta ba direbobin kamfanin madara na Oakhurst gaskiya. A 2018 kamfanin ya amince zai biya dala miliyan 5. Wani zai ce ai kowa ya gane nufin masu dokar. To, ba don gane nufi ake biyan lauya ba, kuma yaron nan mai barbaɗa waƙafi kamar gishiri shi ne zai rubuta kwangilar gobe.