Wakena Ya Yi Zaman Mokwa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau ya san ɗan kamasho. Yana kan benci a ƙarƙashin rumfa, waya ɗaya a kunne, ɗaya a cinya. Ba shi da mota, ba shi da ko mudun gero, amma da wuya tirela ta tashi zuwa Legas ko Anacha bai ci wani abu a kanta ba. Ni kuwa tsohon malamin lissafi ne, kuma babu abin da ke hana malamin lissafi barci irin ya ga kuɗi sun fita bai ga gumin da aka yi ba.

A 2024 aka biya ni garatuti, na zuba rabinsa a wake, da niyyar aika wa wani ɗan garinmu da ke kasuwar Mile 12 ya sayar. Aka nuna mini ɗan kamashon da zan gani. Ya dubi buhunana ya ce, "Malam, tirela tan 30 take ɗauka, wato manyan buhuna 300. Naka bai kai sulusi ba. Ka bari zuwa jibi in haɗa ka da mutum biyu ku cika mota, in ba ku direban da na san gidan ubangidansa."

Ya faɗi kuɗin mota, ya faɗi nasa. Na zaro biro na yi ta bugawa a bayan ambulan, sannan na tambaye shi, cikin muryar da nake yi wa 'yan aji uku, wane aiki zai yi da ya cancanci wannan kuɗi. Ya ce, "Waya zan buga, Malam." Na ce ai ni ma ina da waya.

A teburin mai shayi, bakin titin Katsina, na samo nawa direban. Motarsa tsohuwar DAF ce, da hoton ɗawisu a ƙofa. Ya ce wayam zai koma Legas, don haka duk abin da na ba shi alheri ne. Farashinsa bai kai biyu cikin ukun na ɗan kamasho ba. Ga shi kuma yana ce mini Alhaji, ni da ko filin jirgin Malam Aminu Kano rakiya kawai ke kai ni. Nan take ciniki ya faɗa. Ya ce litar gas ta haura naira 1,000, in taimaka da yawancin kuɗin tun yanzu. Na taimaka. Ya ce tamfol ɗinsa ya yage, kada ruwa ya taɓa kayan Alhaji. Na sayo sabo dal. Maimakon webil, na yago takarda daga littafin rubutu, muka sa hannu da jan biro. Don ƙarin tsaro na sa yaron motar ya ɗauke ni hoto a gaban tirelar.

Da na koma gida ina ba uwargida labarin ribar da na ci tun kafin kaya su tashi, sai ta ce, "Malam, motar ta wace ce?" Na ce ta direba mana. "Shi direban ɗan ina ne?" Na ce mata harkar sufuri ba girkin miya ba ce. Ta ce, "Allah ya kai lafiya. Araha dai ba ta ado."

Daga Kano zuwa Legas tafiyar kilomita 1,000 ce da 'yan kai. Da na kira, suna Zariya. Washegari suna Kaduna. Wanshekare ma suna Kaduna. Na yi wa kaina bayani cewa Kaduna gari ne mai faɗi. Daga nan aka ce an bi ta Lambata da Bida saboda hanyar Birnin Gwari ba ta biyuwa, wanda gaskiya ne a lokacin. Sai kuma ga kira daga Mokwa: sifirin ya ɗan tsage, a turo na makaniki. Na tura. Tun daga lokacin, muryar matar nan mai cewa ba a samun lambar da ka kira ta zama abokiyar hirata, safe da dare. Mutumin Mile 12 kuma yana ta tuna mini cewa sabon wake ya kusa shigowa, tsoho kuwa ƙwaro ba ya jiran kowa.

Haka na lallaɓa na koma rumfar nan. Ɗan kamashon bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya matsa mini wuri ya ce, "Malam, lambar motar fa?" Na fito da hoton cikin alfahari. Babbar rigata ta rufe lambar ruf. Wayar ta zaga benci hannu zuwa hannu, kowa na yaba ɗinkin, har wani dattijo ya hango jelar ɗawisu a bayan kafaɗata ya ce ya san motar.

A nan na ga aikin da na raina. Ya kira ofishin ƙungiya, ya kira wani ɗan kamasho a Mokwa, ya kira mai motar, duk kafin shayina ya huce. Ashe direban ɗan albashi ne. Mai motar yana can yana zaton motarsa na kan layi a Apapa, shi kuwa gogan ya yi ta tsintar lodi a Zariya da Kaduna yana jibgawa kan wakena har ƙarfe ya ce ya gaji. Ɗan kamashon ya ce, ba tare da ya dube ni ba, su ba sa ba direba kuɗi duka. Na gas ake bayarwa, cikon sai an sauke kaya an ƙirga. Lambar mota da sunan mai ita suna cikin littafi. Masu motoci suna da ƙungiyarsu, NARTO, direbobi suna da NURTW, kuma wanda ya ci amanar kaya sau ɗaya ba zai sake samun lodi a layin ba. In mota ta lalace a hanya, shi zai nemo wata a juye, domin sunansa ne a kan kayan. Ni dai ina ta gyaɗa kai kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

Aka samo wata mota aka juye. Na biya 'yan dakon saukewa, na biya na lodawa, na biya sabon kuɗin mota daga Mokwa, a tsallaka gadar Jebba zuwa Legas. Na biya kamashon mutumin Mokwa, na biya na mutumin Dawanau, wanda ya karɓa da hannu biyu yana sa mini albarka. Wake ya isa Mile 12 tare da sabon shiga, aka sayar da shi yadda kasuwa ta ga dama. Lissafin ƙarshe na yi shi a ɗaki, ƙofa a rufe, kuma ban nuna wa kowa ambulan ɗin ba.

Jama'a, duk wanda ya ci karo da DAF mai ɗawisu a ƙofa, tsakanin Tafa da Ilori, don Allah ya gaya wa direban ya riƙe kuɗin makaniki, na yafe. Tamfol ɗina dai nake so.